Tambayi Likita: In suga ya sauka, idon Baba zai gyaru?

Tambaya: Salam Likita. Babanmu ya daɗe da ciwon suga, kwanan nan ya fara ganin baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo a idonsa na dama, sai walƙiya, yanzu kuma wai kamar an ja labule ta gefe. Asibiti sun ce tantanin bayan ido ne ya ɓamɓare, sai aiki. Shi ko ya ce tunda ba zafi, zai bar sa suga a koko ya riƙa ɗiga magani. Hakan zai yi? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya ba zai yi ba. Wannan tantanin, ratina, shi ke ɗaukar haske, kuma yana cikin sassan jiki mafi cin suga da iskar oksijin. Ƙwayoyinsa masu gani daga jijiyoyin jinin da ke bayansu suke samun abinci, to da zarar ya ɗago daga mazauninsa sun rabu da abincin kenan, kamar shukar da aka tuge, ko suga ya cika jinin Baba fal su yunwa suke ji, a hankali suna mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Sai kumburi ya biyo baya. Ba irin wanda za ki gani a fatar ido ba fa, can ciki yake. Ƙwayoyin garkuwar jiki su taru a wurin, a samu tabo mai tauri yana jan tantanin yana tattare shi, wannan tabon ne ya fi sa aiki ya ƙi ci ko a sake shi. Ga mai suga abin ya fi muni, don dama sugan ya lalata ƙananan jijiyoyin jini, sababbi marasa ƙwari sun tsiro suna zubar jini suna jan tantanin.

Rashin zafin nan shi ke yaudarar dattawanmu, ratina ba ya jin ciwo. Maganin ɗigawa ba ya manna shi, balle tozali ko ruwan ganye.

Ku koma wurin likitan idon yau ɗin nan, kada ya wuce gobe, tun labulen bai kai tsakiyar gani ba. Akwai sashen ido a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, akwai a asibitin Korle Bu da ke Accra. Rage sugan ya ci gaba da shi, yana taimakon warkewa da kare ɗaya idon, shi ma a duba shi. In kuma an sa masa gas a idon lokacin aiki, wato iskar da ke danne tantanin a mazauninsa, ba hawa jirgin sama, ko Umra ce, sai likita ya ce gas ɗin ya ƙare.