Littafin motsa jiki yana da amfani, amma ba ya ganin ka

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka ga littattafan koyon motsa jiki, kana tambaya ko za su taimake ka ka rage teɓa jikinka ya yi ƙarfi, ko zubar da kuɗi ne kawai. Na daɗe ina fita gudu da asuba a kewayen filin wasa na Seyni Kountché a nan Yamai, kuma shawarata ita ce ka sayi ɗaya. Ɗaya tak, ka bi shi wata uku kafin ka kalli wani.

Abin da littafi ke ba ka shi ne tsari. Yawancin waɗanda na ga sun fara sun bari, ba ragwanci ya kore su ba, zafin nama ne. Mutum ya zo ranar farko ya yi ta zagaye, ya ƙara da pomp, wato kifa ciki ana ɗaga jiki da hannuwa, har hannu na rawa, washegari ko ruku'u ba ya iyawa, shi ke nan ba ka sake ganin sa. Littafi nagari zai ce ka fara da kaɗan, ka riƙa ƙarawa mako-mako, tsokar da ka wahalar ka bar ta ta huta kwana ɗaya ko biyu. Tsamin jiki bayan atisaye ba komai ba ne, zai wuce. Ciwo mai suka a gwiwa ko ƙugu kuwa, dakata. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Tafiya mai sauri ta minti 30, kwana 5, ta kai ka ma'aunin farko.

Sai dai ka tuna da wanda aka rubuta wa littafin. Galibi littattafan daga Faransa suke zuwa, marubucin bai san Afrilu da Mayu namu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. In ya ce ka yi gudu da rana, kai ka yi bayan sallar asuba ko dab da magariba, da ruwanka a hannu. Abincin da suke lissafawa ma kada ya tsorata aljihunka. Wake, ƙwai, nono, ƙuli-ƙuli, kifin kogi, dambu da zogale, duk suna gina jiki. Abin da ya fi damuna shi ne sukarin shayin fada da lemun kwalba, domin a nan wahalar mutane da yawa ke zubewa. Kuma duk littafin da ya yi maka alkawarin abdo, wato atisayen tsokar ciki, zai narkar da teɓa cikin kwana 30, ajiye shi. Kitse ba ya barin wuri ɗaya don ka matsa wa wurin, daga jiki gaba ɗaya yake raguwa.

Babban raunin littafi shi ne ba ya da ido. Hoto zai nuna maka tsuguno da tashi, amma ba zai gane bayanka ya lanƙwashe ba. Ko 'yan kokowarmu a gaban manya suke koyon kamu. Ka samu wanda ya daɗe a harkar ya tsaya a kanka makonnin farko, a filin ba za ka rasa ba.

In ka haura shekara 40, ko akwai hawan jini ko ciwon suga a gidanku, don Allah ka je asibiti a auna ka kafin ka fara.