Kun Tambaya, Mun Amsa: Iska da Agogo a Gasar Tsere

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Tobi Amusan ta yi sakan 12.06 a zagayen ƙarshe na gudun tsallake shinge na mita 100 a gasar duniya ta 2022, amma kullum 12.12 ake ambata a matsayin tarihin duniya. Wannan ba danne haƙƙi ba ne?
Malam Habu, Tudun Wada, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Habu. Babu wanda ya danne ta, iska ce ta shiga tsakani. A gajerun tsere da dogon tsalle, idan iskar da ke turo ɗan wasa ta baya ta haura mita 2.0 a sakan guda, lambarsa tana nan, amma sakamakon ba ya shiga kundin tarihi. Ranar 24 ga Yuli a Eugene ta Amurka, iskar zagayen kusa da na ƙarshe 0.9 ce, sai 12.12 ta shafe 12.20 ta Kendra Harrison. Da aka zo na ƙarshe, iskar ta kai 2.5.

Ana girke na'urar auna iskar a gefen layi, mita 50 kafin ƙarshe, tsayinta mita 1.22. Sakan 13 take aunawa a gudun tsallake shinge, 10 a gudun mita 100.

Ba Tobi kaɗai abin ya shafa ba. Bob Beamon ya dira mita 8.90 a dogon tsalle a Meziko a 1968 da iska 2.0 cif, da ƙyar ya sha. A Tokyo a 1991 Carl Lewis ya yi 8.91, iskar 2.9 ta hana shi tarihi. A daren nan Mike Powell ya yi 8.95 da iskar da doka ta yarda.

Tambaya: Yaron da nake horarwa ya yi 10.5 a mita 100 a filin wasa na Ahmadu Bello. Da agogon hannu na auna.
Koci, Kawo

Amsa: Koci, ƙara masa 0.24, ka ɗauka 10.74 ya yi, domin yatsa kan makara wajen dannawa. Ka danna da ganin hayaƙin bindiga. Ƙararta kan ɗauki kusan sakan 0.3 kafin ta iso inda kake. Tun 1977 agogon lantarki kaɗai ake karɓa a tarihin gajerun tsere. In kuma lokacin hunturu ne, duba ta ina iskar ke kaɗawa kafin ka yi wa iyayensa albishir.