Wane Littafi Zan Fara Karantawa Kan Juyin Halitta Da Imani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin ilimin halittu ne a jami'a. A bana aka fara koya mana juyin halitta, wato ka'idar Darwin, kuma tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Wani abokina ya turo mini The God Delusion na Richard Dawkins, ya ce in na gama shi zan gane addini tatsuniya ce. Wani kuma ya ba ni littafin Harun Yahya, ya ce masana sun daɗe da binne ka'idar. Ba na son in faɗi jarrabawa, ba na kuma son in taɓa imanina. Waɗanne littattafai zan karanta, kuma da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara basira. Ka ajiye littattafan nan biyu gefe tukuna, za mu dawo kansu.

Abin da ke rikita mai karatu a wannan fage shi ne tambayoyi uku ne ake cusawa a buhu ɗaya. Akwai tambayar me ya faru da halittu a tsawon zamani, kuma ta yaya. Akwai ta ko abin da ya faru yana nuna akwai Mahalicci ko babu. Sannan akwai ta abin da nassi ya ce game da halittar Annabi Adamu (AS). Ta farko aikin masu haƙa duwatsu da masu ɗakin gwaje-gwaje ce, ta biyu ta masu falsafa da ilimin tauhidi, ta uku ta malaman tafsiri. Sau da yawa marubuci yakan ƙware a ɗaya, sai ya ɗauki kwarjinin da ya samu a can ya je yana yanke hukunci a sauran biyun. Duk littafin da ka buɗe, ka riƙa tambayar kanka: a wannan shafin wace tambaya yake amsawa, kuma fagensa ne?

Ka fara da kimiyyar zalla, domin ba a yi wa abu hukunci kafin a san shi. Why Evolution Is True na Jerry Coyne, wanda ya fito a 2009, shi ne ya fi tattara hujjojin wuri guda cikin sauƙin harshe. Coyne bai yarda da addini ba, kuma ya rubuta wani littafi daban a kan hakan, amma a wannan ya fi tsayawa kan ƙasusuwa da ƙwayoyin gado. Bayansa ka ɗauki Your Inner Fish na Neil Shubin, na 2008, don ka ga yadda ake aikin da hannu. Shubin da abokan aikinsa sun yi lissafi cewa in har dabbobi masu ƙafa huɗu daga kifaye suka samo asali, to ya kamata a sami wata halitta ta tsaka-tsaki a duwatsun da suka kai shekara miliyan 375 ko kusa da haka, waɗanda suka taru a bakin tsoffin koguna. Suka duba taswira, suka nufi tsibirin Ellesmere a can ƙuryar arewacin Kanada, suka yi shekaru suna tono cikin sanyi. A 2004 suka ci karo da Tiktaalik: kifi ne mai ɓawo a jiki, amma kansa shimfiɗaɗɗe, yana da wuya, kuma a cikin fiffikensa akwai ƙasusuwa masu tsarin damtse da wuyan hannu. Abin lura a nan shi ne sun faɗi inda za a same shi kafin su same shi.

Ita kanta ka'idar ba ta da wuyar faɗa. 'Ya'ya ba sa fitowa daidai da iyayensu, ana gadon bambancin, kuma ba duk abin da aka haifa ne ke rayuwa har ya haihu ba. Siffar da ta taimaki mai ita ya rayu ya hayayyafa, ita za ta yawaita a zuriya. Haka ƙwayoyin cuta suke zama masu bijire wa magani. Haka kuma ƙwayar gadon sikila ta yawaita a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, domin mai ɗauke da kwafi ɗaya nata yana samun wata kariya daga zazzaɓin, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954. Kusan babu mai musun wannan matakin. Gardamar tana tashi ne idan aka ce tsarin nan, in aka ba shi dubban miliyoyin shekaru, shi ya samar da duk nau'o'in halitta daga asali ɗaya, har da mutum. Ka kuma gyara wata magana da ke yawo: masanan ba su ce mutum daga birin da muke gani yau ya fito ba. Cewa suka yi mutum da birin chimpanzee sun haɗa kaka shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Ɗaya daga cikin hujjojinsu ita ce manyan birai suna da kuromosom, wato ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, tagwaye 24, mu muna da 23, kuma a tsakiyar kuromosom ɗinmu na 2 an sami irin jerin da aka saba gani a bakin kuromosom, alamar biyu ne suka manne. Ko za ka yi jayayya, da irin wannan hujjar za ka yi.

Yanzu littafin abokinka na farko. Dawkins gwani ne wajen bayanin kimiyya. The Blind Watchmaker na 1986 da The Greatest Show on Earth na 2009 za su taimake ka a aji. Amma The God Delusion na 2006 tambaya ta biyu yake amsawa, kuma a nan baƙo ne. Hujjojin samuwar Allah da masu falsafa suka yi ƙarnuka suna tattaunawa, a 'yan shafuka ya sallame su. Michael Ruse, masanin falsafar kimiyya wanda shi ma bai yi imani ba, ya fito fili ya ce littafin ya ba shi kunya. Daga "ga yadda abin yake aukuwa" zuwa "saboda haka babu mai aukar da shi" akwai tsalle, kuma babu na'urar da ta taɓa auna wannan tsallen. Likitoci sun san matakan da ɗan tayi yake bi a mahaifa mako bayan mako, amma ban ga mai imanin da ya daina cewa Allah ne ya halicce shi saboda hakan ba.

Na biyun kuwa ya fi damuna, domin da sunan kare addini yake zuwa. Harun Yahya sunan alƙalami ne na Adnan Oktar, ɗan Turkiyya, wanda bai karanci ilimin halittu ba. Babban littafinsa, Atlas of Creation, ya fara fitowa a 2006, aka yi ta aika shi kyauta ga makarantu da masana a Turai da Amurka. Hujjarsa guda ce a ɗaruruwan shafuka: ga hoton burbushin tsohuwar halitta, ga hoton mai rai ta yau, sun yi kama, don haka babu sauyi. Ka'idar kuwa ba ta taɓa cewa dole kowace halitta ta sauya kama ba. Wadda muhallinta bai matsa mata ba tana iya daɗewa a yadda take. Sannan a wani shafi, abin da aka nuna a matsayin ƙwaro mai rai ashe ƙwaron roba ne na masunta, ga ƙugiyarsa nan a fili cikin hoton. Yawancin hujjojin kuma aro ne daga masu ra'ayin halitta kai tsaye na Amurka, waɗanda littafin The Genesis Flood na 1961 ya farfaɗo da su, masu cewa shekarun duniya 'yan dubbai ne. Musulmi ba shi da dalilin gadon wannan rigimar. Alƙur'ani bai ƙayyade shekarun duniya ba, don haka lissafin masana na shekara biliyan 4.5 bai ci karo da wata aya ba.

Imam Ghazali ya yi magana kan irin wannan a gabatarwar Tahafutul Falasifa. Ya kawo misalin husufin rana da wata, ya ce wanda ya ƙaryata lissafin masana a kan abin da suka tabbatar, yana zaton addini yake karewa, cutar da addinin yake yi, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka.

Za ka kuma ji labarin Darwin's Black Box na Michael Behe, na 1996. Shi masanin sinadaran jiki ne na gaske. Ya ce wasu sassan ƙwayar halitta, kamar bulalar da bakteriya ke iyo da ita, sun yi sarƙaƙiyar da ba za su haɗu sannu a hankali ba. Ka karanta shi tare da martanin Kenneth Miller a Finding Darwin's God na 1999; Miller ɗan ɗarikar Katolika ne mai riƙo da addininsa, kuma su biyun sun ba da shaida a ɓangarori masu adawa a shari'ar garin Dover na Amurka ta 2005, inda kotu ta hana koyar da ra'ayin su Behe a ajin kimiyya. Ni abin da ya hana ni sakin jiki da Behe na aƙida ne: idan ka ajiye hujjar samuwar Allah a wurin da kimiyya ba ta kai ba tukuna, duk ranar da ta kai, hujjarka ta ragu. A tauhidi kuwa, abin da aka gano sababinsa da wanda ba a gano ba, duka aikin Allah ne.

Littafin Miller da The Language of God na Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ɗaukacin ƙwayoyin gadon ɗan Adam, suna nuna maka babban masani na iya zama mai imani. Sai dai matsalolin da suke warwarewa na tiyolojin Kirista ne, irin su zunubin asali, ba lallai su zama naka ba.

A ɓangaren Musulunci, in littafi ɗaya za ka karanta, ka karanta Islam and Evolution na Shoaib Ahmed Malik, na 2021, ana kuma samunsa kyauta a intanet. Ya kasa ra'ayoyin Musulmi gida huɗu: masu ƙin ka'idar ɗungurungum, masu karɓarta ga sauran halittu ban da mutane, masu ware Annabi Adamu kaɗai, da Hauwa'u, a matsayin halitta ta mu'ujiza, da masu karɓarta ba togiya. Ya auna su da ma'aunin Ghazali, ya kammala cewa ukun farko suna iya zama da nassi, na huɗun ne ba ya iyawa, saboda ayoyi irin ta 59 a Suratu Ali Imrana da ta kwatanta halittar Annabi Isa (AS) da ta Adamu. Ra'ayi na uku na David Solomon Jalajel ne, a littafinsa Islam and Biological Evolution na 2009. Shi cewa ya yi nassi ya tabbatar an halicci Adamu ba uwa ba uba, amma ya yi shiru kan ko akwai halittu masu kama da mutane kafinsa, kuma inda nassi ya yi shiru sai a yi tawakkufi, wato a dakata, kada a tabbatar kada a kore da sunan addini. Nidhal Guessoum, masanin taurari ɗan Aljeriya, a Islam's Quantum Question na 2011, ya tafi kan karɓar ka'idar har ga mutum. Akwai kuma manyan masu ƙin ta irin su Seyyed Hossein Nasr, wanda sukarsa ta falsafa ce. Ka ga saɓanin na gaske ne, kuma kusan dukkansa a kan mutum ya tattaru. Wannan yanki na tafsiri ka zauna da malamin da ya san usul, ka tafi masa da tambaya takamaimai.

Muhawarar ba yau ta fara ba. Husain al-Jisr, malamin Tarabulus ta Labanon, ya tattauna ta a Risalatul Hamidiyya tun ƙarshen shekarun 1880, inda ya ce hujjar ba ta kai yaƙini ba a ganinsa, amma in ta kai, akwai ƙofar tawili. Marwa Elshakry ta ba da wannan tarihin a Reading Darwin in Arabic na 2013. Sai dai ka yi hattara da masu cewa malaman Musulmi na da, Jahiz ko Ibn Khaldun, sun riga Darwin gano komai. Jahiz ya lura da yadda dabbobi ke fafutukar rayuwa, Ibn Khaldun ya yi maganar matakan halittu daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi, amma wannan jerin daraja ne, ba bayanin yadda zuriya ke sauyawa ba.

Littafin Darwin kansa, On the Origin of Species, ka bar shi ƙarshe. Ya fito a 1859, lokacin da ba a san ƙwayoyin gado ba. Binciken Gregor Mendel kan yadda ake gadon siffofi sai 1866 aka buga shi, kuma ya yi shekaru ba a waiwaye shi ba. Saboda haka ba zai ishe ka jarrabawa ba. Idan ka kai gare shi, ka tsaya a babi na 6, inda ya jero matsalolin ka'idarsa da kansa. Daga nan ne ake yawan tsinko maganarsa cewa samuwar ido ta wannan hanya kamar wauta ce, a yanke bayanin da ya biyo baya, inda ya kawo matakan ido daga mai sauƙi zuwa mai sarƙaƙiya. Ka kuma duba wane bugu ne a hannunka, domin daga bugu na biyu, na 1860, ya ƙara ambaton Mahalicci a sakin layi na ƙarshe, abin da babu a wannan wurin a bugun farko. A wata wasiƙa ta 1879 ya bayyana kansa a matsayin wanda bai tabbatar ba kuma bai kore ba, ya ce kuma rashin hankali ne a yi shakkar cewa mutum zai iya zama mai cikakken imani da Allah kuma ya yarda da juyin halitta.