Tambaya da Amsa: An Sace Mini Waya An Kashe Ta, In Rufe Layin Ko In Jira?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce a cikin garin Bauchi, ina sayar da atamfa da leshi, kuma mafi yawan cinikina ta WhatsApp nake yi. Ranar Asabar da yamma na shiga Kasuwar Wunti sayayya, ban ankara ba sai da na hau Keke Napep na laluba jaka na ji babu wayata, ƙirar Tecno. Na ari wayar wata baiwar Allah na kira, ta shiga amma ba a ɗauka ba, da na sake kira sai aka ce a kashe take, kuma har yanzu haka ake faɗa. Layin da ke ciki shi ne na bankina. Ƙanena ya ce ya san wani mai tirakin da zai gano inda take ko da a kashe, muddin na ba shi lambar da ke jikin kwali da kuɗin aiki, ya kuma ce kada in rufe layin tukuna don kada a rasa hanyar bibiyarta. Shin ana iya gano waya tana kashe? Kuma in rufe layin ko in jira?

Daga wata mai karatu, Fadaman Mada, Bauchi.

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya mayar miki da mafi alheri, Ya kuma tsare sauran dukiyarki. Zan fara da tambayarki ta biyu domin ita ce ba ta jira: ki rufe layin yau, kuma kafin layin ma ki rufe asusun bankin. Na san ƙanenki alheri yake nufi, amma shawararsa tana iya janyo asarar da ta fi kuɗin wayar nesa ba kusa ba.

Wanda ya saba satar waya ba ya tsayawa a kashe ta kawai, cire sim ɗin yake yi. Lambar sirri ko zanen yatsa da kika kulle fuskar wayar da shi yana tsare wayar ne, ba ya tsare sim, don haka da zarar an sa shi cikin wata ƙaramar waya mai madannai, layinki ya koma hannun wani. Duk alat ɗin da ya shigo zai nuna masa bankin da kike hulɗa da shi da abin da ya rage a ciki. Idan ya danna *565*0#, lambar BVN da ke haɗe da layin za ta bayyana. Lambobin tabbatarwa da bankuna da manhajojin ba da bashi suke turowa ta saƙon tes su ma gare shi za su zo. Da waɗannan ne ake ƙoƙarin canza lambar sirrin tiransifa, ko a ci bashi da sunan mai layi ba da saninsa ba. Wayar kamar jaka ce, sim ɗin kuwa shi ne mabuɗin shagon da aka ajiye a cikinta. Jin da kike yi ana cewa a kashe take ba hujja ba ce cewa layin yana kwance, domin ana iya kunna shi da tsakar dare na 'yan mintoci a yi abin da za a yi a sake cire shi.

Saboda haka, ki nemi wayar wani na gida ki kira sashen kula da abokan hulɗa na bankinki, lambarsu tana bayan katin ATM, ki ce an sace wayar da layin asusunki yake ciki, a dakatar da fitar kuɗi da hada-hadar danna lamba. Bankuna da dama suna da lambar gaggawa da ake dannawa daga kowace waya: ta Zenith ita ce *966*911#, ta Access *901*911#, ta First Bank kuma *894*911#. Idan kina da asusu a manhajojin kuɗi irin su OPay, PalmPay ko Moniepoint, kada ki manta da su, domin su ne aka fi mantawa kuma sau da yawa a nan kuɗin ciniki yake kwana. Idan kin tarar an riga an taɓa kuɗi, ki rubuta ƙorafi ki kai reshen bankin da kanki, ki karɓi shaidar cewa sun amsa. Idan mako 2 ya wuce ba a warware ba, kina da damar kai maganar ga sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Sai layin. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta haɗa gajerun lambobin kamfanonin waya, yanzu 300 ce lambar sashen abokan hulɗa a kowane kamfani. Ki kira ta da wani layi na kamfanin da kike amfani da shi ki nemi a toshe naki, sannan ki je ofishinsu ki yi abin da muka fi sani da welkam bak, wato karɓar sabon sim mai tsohuwar lambarki. Za su nemi lambarki ta NIN, su ɗauki hoton fuska ko yatsa, su tambaye ki lambobin da kika fi kira da katin da kika sa na ƙarshe. Ki tafi da jikin katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki idan kin adana shi, idan babu kuma ki yi takardar rantsuwa a kotu. Da an kunna sabon sim, tsohon ya mutu a hannun ɓarawo. A nan ne masu amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan miji ko ɗa ko wani maƙwabci suke shan wahala, domin yawanci sai mai sunan ya je da kansa, kuma ina roƙon duk mai wannan hali ya gyara tun babu abin da ya faru.

Yanzu ga tambayarki ta farko. Wayar da aka kashe ba ta magana da ƙarfen sabis, ba ta kan intanet, kuma na'urar GPS da ke cikinta karɓar bayani take yi daga tauraron ɗan adam, ba ta aika komai da kanta. Don haka wayar Tecno, Infinix ko itel, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun mutanenmu, idan tana kashe babu mai iya ganin inda take a wannan lokacin. Akwai 'yan wayoyi da suka fita daban. Tun fitowar iOS 15 a 2021, mafi yawan wayoyin iPhone daga iPhone 11 zuwa sama suna ci gaba da fitar da ɗan siginar Bluetooth na wasu sa'o'i bayan an kashe su, wasu na'urorin Apple da ke kusa su tsinta su kai labari. Google ma ya kawo irin wannan a 2024 ga wayarsa ta Pixel 8 da waɗanda suka fito bayanta. Ko a waɗannan ɗin, sai an dace akwai na'urar da za ta tsinci siginar a kusa, kuma na ɗan lokaci ne.

Wannan ba ya nufin ki naɗe hannu. Ki shiga google.com/android/find a kwamfuta ko wata waya da adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar. Wannan shi ne Find My Device, wanda aka sauya wa suna zuwa Find Hub a 2025. Idan ya nemi lambar tabbatarwa ta layinki, to ga wani dalilin gaggauta welkam bak. A ciki za ki iya ganin wuri na ƙarshe da wayar ta bayyana da lokacin, ki ɗauki hotonsa ki adana. Ki zaɓi kulle wayar, ki rubuta ɗan saƙo da lambar wani na gida da za a iya kira. Umarnin zai zauna yana jira, duk ranar da aka kunna wayar ta hau intanet, ko da wani sim ko da Wi-Fi, zai yi aiki. Kin ga ke nan bibiyar ba ta dogara da layinki ba, a kan asusun Google take, shi ya sa rufe layi bai rage miki komai ba.

Akwai kuma zaɓin goge duk abin da ke cikin wayar daga nesa, kuma wannan yana buƙatar tunani. Idan kin goge, ba za ki sake ganinta a taswira ba, kuma gogewar ba lallai ta shafi memori ba idan akwai shi. Amma idan a cikinta akwai hotunan iyali na cikin gida, ko hoton katin banki, ko lambobin sirri da kika rubuta don kada ki manta, ra'ayina shi ne ki goge, domin mutunci da asiri sun fi ƙarfe da gilashi. Abin da ba za ki yi ba shi ne cire wayar daga asusunki. Tun Android 5.1 akwai kariyar da ke sa waya ta nemi asusun mai ita ko da an yi mata filashin ta ƙarfi, iPhone ma tana da irin wannan makulli mai ƙarfin gaske. Masu iPhone su sani cewa bayan 'yan kwanaki saƙo yakan zo yana cewa an gano wayar, a latsa wani adireshi a sa lambar sirri. Ɓarayin ne ko abokan cinikinsu suke neman a buɗe musu da hannun mai ita.

Game da mai tirakin, lambar da yake nema ita ce IMEI, lamba ce mai alƙaluma 15 da kowace waya take da tata, mai sim biyu kuma tana da guda 2. Tana jikin kwali, wani lokaci a rasit, ana kuma ganinta idan aka danna *#06#, ke da wayarki ba ta hannu kina iya samunta a shafin Google da na ambata. Amfaninta shi ne, duk lokacin da aka sa sim a waya ta kama sabis, kamfanin sadarwa yana ganin wannan lamba tare da layin da aka sa da ƙarfen sabis da ta kama. Wannan bayani a wurin kamfani yake, kuma jami'an tsaro ne doka ta ba damar nema. Babu wata manhaja ko shafin intanet da mutum zai rubuta IMEI a ciki ya ga waya a taswira, balle wadda take kashe. Wanda ya ce zai yi miki haka, ko dai kuɗinki zai ci, ko kuma ta bayan fage yake samo bayanan mutane, kuma ba na ba ki shawarar miƙa wa irin wannan mutum adireshin Gmail da lambar sirrinki, abin da wasunsu suke nema da sunan aiki.

Hanyar da ta dace ita ce ki kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa da inda abin ya faru, da kwali da rasit da hoton wuri na ƙarshe, a rubuta IMEI a cikin bayanin, ki karɓi takardar shaidar rahoto. Ba zan ɓoye miki ba, wayoyi da yawa ba sa dawowa, wasu ana fasa su a sayar da sikirin da batir daban, wasu ana fitar da su zuwa wani gari. Wadda ake samu yawanci sai bayan makonni, lokacin da wanda ya saya ya sa layinsa. Amma takardar tana da amfani ko wayar ba ta dawo ba, domin ita ce hujjarki idan aka aikata laifi da layinki ko aka ci bashi da sunanki bayan ranar satar.

Tun da sana'arki a WhatsApp take, ki sa wani na kusa ya sanar da abokan cinikinki cewa kada kowa ya tura kuɗi zuwa sabon asusu da sunanki. Da kin karɓi sabon sim, ki buɗe WhatsApp da lambarki a wata waya, wannan zai fitar da duk wanda yake ciki a tsohuwar. Idan kin tarar an riga an sa masa lambar tsaro mai alƙaluma 6 da ba ki sani ba, za ki jira kwana 7 kafin ki shiga, amma wancan ma an fitar da shi. Ki canza lambobin sirrin Gmail da Facebook. Sabon sim ɗin kuma ki sa masa makullin PIN daga saitin waya, ta yadda duk wayar da aka sa shi sai ya nemi lamba. Idan aka yi kuskure sau 3 yana kulle kansa sai an kawo PUK, wadda take jikin katin sim, don haka ki ajiye katin a gida, ba a cikin jakar fita ba.

Tambaya

Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina zaune a Gwallameji. An ƙwace mini waya makon jiya, yau kuma na ga ta bayyana a taswira a wata unguwa. Abokaina sun ce mu je mu karɓo ta. Me ka gani?

Daga wani ɗalibi, Gwallameji, Bauchi.

Amsa

Ɗana, kada ku je. Taswirar tana nuna kewaye ne, a unguwa mai cunkoso kuma da'irar tana iya haɗe gidaje da yawa, sai ku faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba. Idan kuma kun dace da ainihin wanda ya ƙwace, ka riga ka san masu ƙwacen waya da makami suke yawo. Mai yiwuwa ma tana hannun wanda ya saye ta ne, shi kuma hukuma ce za ta tambaye shi inda ya samo ta, domin karɓar kayan da mutum ya san na sata ne laifi ne a dokar Penal Code. Ka ɗauki hoton taswirar da lokacin da ta nuna, kada ka danna zaɓin da ke sa waya ƙara domin zai sa a sake kashe ta, sannan ka kai hoton da kwali da lambar IMEI ga ofishin da ka shigar da rahoto, ka nemi a haɗa ka da jami'in da ke riƙe da maganar.