Amsa ga mai tambaya kan madara, ƙuli-ƙuli da maganin da “bai karɓi jiki ba”

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki, inda kika ce duk ranar da kika sha shayi mai madara cikinki yakan kumbura ya yi ta ƙugi har ki yi gudawa, sannan ɗanki mai shekara 4 leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu jim kaɗan bayan ya ci ƙuli-ƙuli. Kina son sanin ko matsalarki ce ya gada, da kuma ko ku bi shawarar surukarki ta ci kaɗan-kaɗan har jiki ya saba. Na daɗe ina aikin jinya, kuma ni ma madara ba ta zama lafiya a cikina, saboda haka zan faɗa miki abin da na sani. Abin da ke damunki daban, abin da ya sami yaron daban, kuma shawarar surukarki tana iya yi miki amfani, amma ga yaron tana da haɗari ƙwarai.

Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda muke magana. Da wanda wake ya kumbura wa ciki, da wanda allura ta kusa ɗauke wa numfashi, duk cewa suke “abin bai karɓe ni ba”, alhali a asibiti waɗannan abubuwa biyu ne da ba a haɗa su.

Naki al'amari ne na narkewar abinci. A cikin madara akwai wani sukari mai suna laktos, wanda ƙaramin hanji ke narkar da shi da wani sinadari da ake kira laktes. Jarirai suna da wannan sinadari a wadace, amma a jikin kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya yakan ragu bayan yaye. Sukarin da bai narke ba sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin da ke zaune a can su ruɓar da shi, iska ta taru, ruwa ya cika hanji, daga nan kumburin ciki da murɗa da gudawa, yawanci tsakanin rabin sa'a zuwa sa'a biyu bayan sha. Yana da wahalarwa da ban kunya idan mutum yana cikin jama'a, amma ba ya toshe numfashi, kuma ya danganta ne da yawan abin da aka sha. Ni idan na zuba cokali ɗaya na madarar gari a shayi ba na jin komai, amma kofi biyu na madara zalla sukan hana ni barci. Fura da nono kuwa ina sha lafiya lau, domin tsamin da nono da kindirmo ke yi yana rage wannan sukari. Fulani makiyaya da yawa sinadarin ba ya raguwa a jikinsu har tsufa, shi ya sa suke shan madarar da aka tatso yanzu ba tare da wata damuwa ba. Ki gwada barin madara na mako biyu, sannan ki dawo da ita kaɗan tare da abinci, za ki gane iyakar da cikinki ke ɗauka.

Na yaron kuwa shi ne abin da muke kira borin jini, a asibiti kuma ake cewa alaji, kuma aikin garkuwar jiki ne. Garkuwar takan yi kuskure ta ɗauki sinadarin gina jiki da ke cikin gyaɗa a matsayin abokin gaba, ta tanadi makamai a kansa, ta yadda duk ranar da ya sake shiga jiki sai ta saki histamin da wasu sinadarai a lokaci guda. Su ne ke kawo ƙaiƙayi, da ruɗu-ruɗu, da kumburin leɓe da fatar ido, da amai, cikin mintuna kaɗan. A nan ƙanƙantar abin da aka ci ba ta ba da kariya, domin ɗan ɓarɓashi ya isa, kuma sauƙin da aka samu a karon farko ba ya nuna yadda na biyu zai kasance. Gaskiya ne akwai likitocin da ke saba wa jiki da gyaɗa a hankali, amma da awo suke yi, a ƙarƙashin kulawa, da maganin gaggawa a ajiye, ba a tsakar gida ba.

Ba na mantawa da wani saurayi da aka kawo mana da dare. Ya san gyaɗa ba ta karɓe shi ba, ya daɗe da barin kunun gyaɗa da miyar taushe, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa da garin ƙuli-ƙuli ake haɗa tsire ba. Abokansa sun fara tsayawa a wani kemis aka ba shi Piriton, suka zauna jiran ya yi aiki, kafin su iso wurinmu muryarsa ta dushe, numfashinsa yana fito, jininsa ya yi ƙasa sosai. Allurar adiranalin da aka yi masa a cinya ce Allah ya sa ta zama sanadin tsirarsa. Piriton yana rage ƙaiƙayi da ruɗu-ruɗu, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ya fara toshewa. Saboda haka idan kika ga yaron yana numfashi da ƙyar, ko harshensa ya kumbura, ko muryarsa ta sauya, ko ya yi laushi kamar zai suma, kada ki tsaya ba shi manja ko jiƙe-jiƙe, ki nufi asibiti nan take.

Haka batun yake a magunguna, kuma a nan ne na fi ganin ɓarna. Wanda ƙwayar ƙarin jini ta sa wa taurin bayan gida, da wanda metformin, maganin ciwon suga, ya sa wa gudawa a makonnin farko, da wanda ibuprofen ya ƙona wa ciki domin ya sha ba tare da ya ci abinci ba, duk ba borin jini ne ya same su ba, illar magani ce da likita kan iya gyarawa ta hanyar rage yawa, ko sauya lokacin sha, ko sauya maganin. Hatta ƙaiƙayin kulorokwin da manyanmu ba za su manta ba, wanda ya fi addabar baƙar fata, ba irin wannan borin ba ne, shi ya sa sau da yawa Piriton ba ya kashe shi. Matsalar rikita illar magani da borin jini ita ce mutum ya hana kansa magani mai kyau a banza. A Amurka kusan mutum 1 cikin 10 yakan ce penisilin bai karɓe shi ba, amma idan aka yi gwaji, waɗanda ke da matsalar da gaske ba su kai 1 cikin 100 na jama'a ba. A ɗaya ɓangaren kuma, magungunan dangin salfa irin su Septrin da Fansidar sukan jawo wa wasu mutane ƙalilan wani mummunan rikicin garkuwa wanda ba ya bayyana sai bayan kwanaki ko makonni, ya fara da zazzaɓi da jan ido da gyambon baki, sannan fata ta riƙa saluɓewa kamar ƙuna. Wanda ya taɓa ganin haka a jikinsa ba ya sake kusantar maganin har abada, kuma wajibi ne a rubuta sunan maganin a katinsa na asibiti.

Ki kai yaron wurin likitan yara, ki tafi da bayani dalla-dalla: abin da ya ci, yawansa, minti nawa aka yi kafin kumburin, da ko ya yi amai ko tari. Wannan bayani yakan fi wa likita amfani fiye da cewa “bai karɓe shi ba”. Kafin ranar ganin likita a ɗauke masa gyaɗa gaba ɗaya, har da tsire da kilishi da yajin da aka sa wa ƙuli-ƙuli da man gyaɗar da ake matsa a gida, kuma ki sanar da malamansa na boko da na Islamiyya, da maƙwabtan da yake shiga gidajensu. Surukarki kuma ki yi mata bayanin cikin ladabi, ko ki roƙi mahaifinsa ya yi mata, domin kakanni ne suka fi yawan miƙa wa jika abin taɓawa ba tare da sanin uwa ba. Allah ya ba shi lafiya.