Binsey ya isa a tafi dominsa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tudun Binsey da ke arewacin yankin Lake District a Ingila ya cancanci a je masa, ganin kowa Skiddaw, babban dutsen da ke kusa da shi, yake nufa. Ƙwarai kuwa, ka je. Tsayinsa mita 447 ne kacal, Skiddaw kuwa 931, amma Binsey ware yake shi kaɗai a gefe, babu dutsen da ya tare masa ido. Daga samansa ana ganin tafkin Bassenthwaite da Skiddaw ɗin kansa, ranar da gari ya washe kuma har mashigin ruwan Solway da tuddan Sikotlan. Hanya mafi sauƙi daga kusa da wani gida da ake kira Binsey Lodge take tashi, ta gabas. Wurin ajiye mota ɗan bakin titi ne, motoci kaɗan yake ɗauka, sai ka yi sammako. Hawa da sauka awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishe ka.

Sharaɗin shi ne iska. Tun da babu abin da ya kare tudun, iskar teku kai tsaye take bugun samansa, ko da a ƙasa rana ta fito. Mafaka sai 'yan tarin duwatsun da ke wajen alamar ƙololuwa. Ka sa rigar da ruwa ba ya ratsawa, da takalmi mai haƙora, domin jiƙaƙƙiyar ciyawa a gangara ita ce ke kayar da mutane. Ka riƙe taswira mai lamba OL4 ta Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya. In hazo ya rufe Skiddaw har ƙasa, ka ɗaga tafiyar, ba abin da za ka gani.