Hukuncin aiki da antibodi mai ƙyalli wanda aka samo daga ɓera

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ina mastas a fannin garkuwar jiki, aikina ƙidaya sojojin jiki ne, CD4 da CD8, a jinin masu ɗauke da ƙanjamau. Muna ɗiga wani antibodi mai ƙyalli, wato furotin mai gane irin ƙwayoyin da ake nema, a cikin jinin, ya manne wa ƙwayoyin, sai na'ura ta haska su da leza ta ƙirga. To a jikin kwalbar an rubuta daga ɓera aka samo shi, ruwan wankin ma akwai furotin na jinin saniya a ciki. Wani ɗan'uwa a lab ɗinmu ya ce duk najasa ce, sayensa haram aiki da shi haram. Yanzu duk sallah sai na sake alwala na canza hijabi, abin ya dame ni.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata ki ci gaba da aikinki, halal ne. Abin da ya yanke maganar yana cikin tambayarki: kin ce a jinin da aka riga aka ɗiba kuke ɗigawa, cikin kwalba, ba sha ake ba, ba allura ake wa mutum da shi ba. Da a jikin mutum ake sawa da sai mu buɗe babin magani da lalura, wannan kuwa bai kai can ba.

Alwala: taɓa najasa ba ya warware ta, wurin da ta taɓa kawai ake wankewa.

Sai maganar ɗan'uwan nan, kuma ba zan ce ba shi da madogara ba. Hadisin Jabir da ya haramta sayar da giya da mushe da alade da gumaka sananne ne, Shehu Khalil ma a Mukhtasar ya ce ana amfani da abin da najasa ta taɓa banda a masallaci da jikin ɗan Adam, amma ita najasar kanta ba a amfani da ita. Inda ya kuskure shi ne ya ɗauka abin da ke cikin kwalbar jinin ɓera ne, alhali ba shi ba ne. Tun 1975 da Köhler da Milstein suka fito da hanyar nan a Kambirij ta Ingila, ƙwayar halitta ake ɗauka daga saifar ɓera a haɗe ta da wata mai yaɗuwa, sai a yi ta renonta a kwalabe shekara da shekaru tana fitar da furotin iri ɗaya, shi ake tacewa a ɗaura masa launi, ɓeran asali ƙila ya mutu tun ba a haife ki ba. Launin ma, FITC mai kore sinadari ne da ake haɗawa, PE kuwa daga jan gansakukan teku ake ciro shi, babu mai cewa najasa ne. To ina jinin da aka kwarara a nan, babu launinsa babu warinsa babu sunansa? Malamanmu na Malikiyya sun ce almiski mai tsarki ne duk da asalinsa jini ne a jikin barewa, saboda ya rikiɗa ya koma abu mai kyau, kuma ni abin da nake gani furotin da aka tace ya fi almiski nisa da asalinsa, na saniyar ma haka. Ko mun sallama masa cewa najasa ce, ai Imamu Shafi'i da Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun fahimci hanin hadisin a kan sayarwa yake, ba a kan amfani da kitsen mushe wajen shafe jirgi ko kunna fitila ba. A cinikin ma Hanafiyya sun halatta sayar da taki, namu sun yi rangwame a kansa saboda buƙata, Ashhab ya ce mai saye ya fi mai sayarwa uzuri, kuma ku masu saye ne. Wanda CD4 ɗinsa ya sauka ƙasa da 200 rayuwarsa na cikin hatsari, ta yaya za a ce buƙatar gona ta sa an yi rangwame amma ta majinyaci ba ta isa ba? Ki faɗa wa ɗan'uwan cikin ladabi ya daina saurin cewa haram.

Abin da ya kamata ki kula da shi shi ne jinin mutanen da kike aiki da shi, wannan najasa ce a wajen jamhur. Ki sa safar hannu, farar rigar lab ki bar ta a lab kar ki yi sallah da ita, gefen hijabi ki cusa shi cikin rigar. In ɗigo ya faɗo ki wanke wurin, wanda bai kai faɗin dirhami ba an yi afuwa. In ba ki ga komai ba to tufafinki na kan tsarkinsu. Wannan sake alwala da canza kaya da kike yi ƙofar waswasi ce, ki rufe ta tun yau, don na ga waɗanda suka fara da haka har sallah ta koma musu nauyi.

Kuma tunda kin zo, ga abin da nake ji miki tsoro fiye da najasar. Sakamakon mai ƙanjamau amana ce, ko kin gane sunan maƙwabci ko dangi a jikin kwalba bakinki alaikum, kuma kar a taɓa jinin kowa don bincike sai da yardarsa. Antibodin nan firij yake so da duhu, in an ɗauke wuta ya kwana a zafi ko haske ya kashe ƙyallinsa ki gaya wa sifabaiza gaskiya, kar ki gyara lambobi don a gama digiri da wuri, wannan algus ne kuma wani zai gina magani a kansa. Yawancin antibodin nan ana sa musu sinadarin sodiyam azaid don kar su lalace, guba ce, banda ci ko shan ruwa a teburin aiki. In aikin ya kai ki ga ɓerayen gwaji ki tausaya musu, a sa musu maganin kashe zafi, kar a kashe fiye da buƙata.

Wallahu a'alam.